Talala, Gora da Giginya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hotunan Mutunci, Kishin Ƙasa da 'Yanci a Waƙa

Na daɗe ina koyar da adabin Hausa a Birnin Kebbi. Duk shekara idan muka iso kan waƙoƙin kishin ƙasa, kusan tambayoyi iri ɗaya ke taso mini, wasu daga ɗaliban da ke shirin jarrabawa, wasu daga masu rubuta kundin kammala karatu, wasu kuma daga matasan da suka fara tsara nasu baitocin. Su na tattara a nan tare da amsoshin da nake bayarwa. 'Yan baitocin da za a ci karo da su ni na tsara su domin misali, saboda ba na son in ɗauko waƙar wani in yi ta yanka ta yadda ya yi mini daɗi.

Malam, mene ne "hoto" a cikin waƙa?

Shi ne abin da mawaƙi ya ajiye a gaban idon zuciyarka domin ka ga abin da ba a gani. Mutunci ba shi da launi, 'yanci ba a auna shi da mudu, kishin ƙasa ba a kasa shi a kasuwa. To sai mawaƙi ya ari abin da kowa ya sani, madara ko igiya ko itace ko gulbi, ya ɗora ma'anar a kansa. Masana adabi suna kiran wannan zayyana, kuma sun rarrabe hanyoyinta. Akwai kamantawa, wadda ke zuwa da kamar ko tamkar ko sai ka ce, a waƙoƙin yankinmu kuma za ka ji awa, duk ma'anar ɗaya ce. Akwai siffantawa, inda za a ce da mutum "kai ne gulbi" kai tsaye. Sai alamtarwa da mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Ka haddace su, za su yi maka rana a jarrabawa. Amma faɗin sunan salo bai zama fassara ba, kamar yadda sanin sunan kifi ba ya sa shi cikin homa.

Me ya haɗa mutunci da 'yanci da kishin ƙasa har ake nazarin su tare?

Harshen ne ya haɗa su tun kafin mu zo. Dubi kalmar 'yanci, daga ɗa da 'ya ta fito. A Hausar Kabi da Sakkwato da Zamfara ana cewa ɗiyauci, daga ɗiya. Mai 'yanci shi ne ɗa, kishiyar bawa. Ɗa kuwa a wurin Bahaushe ya wuce wanda babu igiya a wuyansa: mai kunya ne, mai cika alkawari, wanda ba ya cin amana, shi ya sa idan mutum ya yi abin kirki ake cewa "ai wane ɗa ne". Kuma ɗa dole ɗan wani wuri ne, ɗan gida, ɗan gari, ɗan ƙasa. Ka ga ƙaramar kalma ɗaya ta goyo ukun. Idan mawaƙi ya ce "mu 'ya'ya ne", kada ka yi saurin rubuta cewa zancen haihuwa yake yi.

Ina kuma gaya wa ɗalibai gaskiyar da ke ƙarƙashin wannan. An yi bauta a ƙasar nan. An yi rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, an biya murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don a bar shi ya nema wa kansa, bayi sun fanshi kansu da guminsu. Mawaƙan da suka yi waƙar neman mulkin kai a shekarun 1950 suna magana ne da mutanen da iyayensu da kakanninsu suka ga bawa da idonsu, wasu ma jikokin bayin ne. Idan aka ce musu ƙasa tana cikin ƙangin bauta, sun san nauyin maganar fiye da yadda muke jin ta yau.

To daga ina zan fara idan na ga hoto a baiti?

Daga abin kansa. Kafin ka tambayi me yake nufi, tambayi me ne shi, wa ke amfani da shi, yaya ake yi da shi. Ga misali:

Mari ya fita, sai ga ni a talala,
Na sha ciyawa, wai na huta wahala.

Yawancin ɗalibai sukan rubuta cewa mari da talala duk alamar rashin 'yanci ne, su wuce. Ba su yi ƙarya ba, amma sun zubar da rabin baitin. Mari ƙarfe ne da ake sa wa mutum a ƙafa, yana jin nauyinsa a kowane taku, kowa kuma yana jin ƙararsa. Talala doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita a makiyaya. Tana tafiya, tana ci, tana kwanciya inda ta ga dama, kuma muddin ba ta yi nisa ba, ba za ta san a ɗaure take ba. Sai ranar da ta hango ciyawar da ta fi ta miƙe, igiyar ta fizgo ta. Mai baitin yana cewa ne an musanya masa ɗauri mai ciwo da ɗauri mai daɗi, turken kuwa yana nan a hannun mai shi. Idan an yi irin wannan baiti bayan 1 ga Oktoba 1960, ka san da wa ake: an sauke tutar Ingila, amma farashin gyaɗa da auduga da bashin da ake bin ƙasa ba a nan ake yanke su ba.

Sannan ka lura da "wai". Duk baitin a kanta ya rataya. Cire ta, sai ya koma godiya. Ƙananan kalmomi irin su wai da ashe da dai da ko su ne ke gaya maka ko mawaƙi ya yarda da hoton da ya zana ko nuna maka shi yake yi da yatsa.

Igiyoyin Hausa suna da yawa, kowace da aikinta. Dabaibayi yana barin dabba ta yi tafiya amma ba ta gudu. Takunkumi baki yake rufewa, saboda haka hoton hana magana ne ko hana ci. Akala da ragama da linzami kuwa na jagoranci ne, sun fi karkata ga tambayar wa ke juya mu. Mawaƙin da ya san aikinsa ba ya ɗauko ɗaya alhali ɗayar yake nufi. Ɗalibin da ya taso a birni bai taɓa kiwo ba, ya je kara ranar kasuwa ya tambayi masu dabbobi. Da gaske nake, wannan ma nazari ne.

Waɗanne hotuna aka fi zana mutunci da su?

Abubuwan da ke zubewa ko yagewa ko faɗuwa. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Riga ce da ake keta wa mutum, hula ce ko rawani da ake tuɓewa, fuska ce mai ruwa. Wannan ɓangaren tsaro ke nan. Akwai kuma ɓangaren dogaro da kai, inda ake fifita ƙaramin abinka a kan babban na wani, irin na guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ga yadda ɗan Kabi zai iya faɗin sa da kayan gidansu:

Da ɗan gorana zan faɗa in ƙetare,
Jirgin mai gori, a bar shi can a ɗaure.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu ya ga goran da ake nufi. Ba na shan ruwa ba ne, babba ne wanda masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi iyo, ya kuma zuba kifin da ya kama a ciki. Jirgi ya fi shi sauri da tsaro, babu musu. Amma jirgin na mai gori ne, wanda gobe zai tsaya a gaban mutane ya ce "ba ni na ƙetarar da kai ba?" Gora da gori wasali ɗaya ya raba su, kuma da gangan aka jera su.

Wani dattijo Basarke ya taɓa ƙara mini abin da ban lura da shi ba. Ya ce mai hawa gora jikinsa na cikin ruwa, yana jiƙewa, sanyi na cin sa, ba kamar na cikin jirgi da ke zaune a bushe ba. Wato baitin bai yi wa kowa alkawarin sauƙi ba. Tun ranar nake sa wannan a cikin bayanina.

Yaya zan bambanta waƙar mutunta kai da ta girman kai?

Duba inda hoton ya ajiye ɗaya mutumin. Bahaushe ya ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Zomo bai ce ya fi giwa ba, bai ce giwa ƙarama ce ba, iyakarsa ya ce shi ma dajin nasa ne. Wannan mutunci ne. Idan kuwa mawaƙi bai iya tsayawa ba sai ya mai da wani kare ko jaki, to ya shiga zambo da fahariya, ko da ya kira abin kishi.

Sai dai ka yi hattara da kirari. Ɗan dambe ko ɗan tauri ko mafarauci da ke cewa shi dutse ne, shi wuta ne, al'adar fage yake bi, kambamar zulaƙe ce da kowa ya san iyakarta. Ba a auna kirari da ma'aunin wa'azi.

Idan mawaƙi ya ce "ƙasata", Najeriya yake nufi?

Ba kullum ba, kuma a Jihar Kebbi wannan tambaya ta fi nauyi. Ƙasa tana nufin turɓayar da ake nomawa, tana nufin ƙasar sarki kamar ƙasar Yawuri ko ƙasar Zuru, tana nufin Arewa, tana nufin Najeriya. Dole ka san wa ke magana, a gaban wa, a wace shekara.

Ɗauki hoton ganuwa. A bakin mawaƙin Argungu, ganuwa tana komawa ne ga Kanta, wanda ya fitar da Kabi daga hannun Askiya na Sangai a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, wadda kufanta da ragowar ganuwarta ta duwatsu suna nan har yau. Tana kuma komawa ga ƙarni na 19, bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka koma suka kafu a Argungu, suka shafe shekaru masu yawa suna faɗa da Gwandu da Sakkwato. A wurinsu ganuwar da ba ta faɗi ba ita ce ɗiyauci. Je ka Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana kula da yammacin daula, inda kuma hubbarensa yake. A waƙoƙin wannan gida, faɗuwar ganuwa buɗi ne, nasarar gaskiya ce a kan zalunci. Hoto ɗaya, gari biyu da ba su da nisa da juna, fassara biyu masu karo.

Ba na ɓoye wa ɗalibai wannan, ba na kuma zaɓar musu gefe. Abin da nake nuna musu shi ne 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa kamun kifi na girmamawa, wanda daga nan bikin da duniya ta sani ya samo asali, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na ɗan Adam a 2016. Daga wannan lokacin ruwan Matan Fada ya sami sabuwar ma'ana, ta sulhu. Yau Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi fadarsa take, Sarkin Kabi yana Argungu, kuma tun 27 ga Agusta 1991 jiha ɗaya ta haɗa su da Yawuri da Zuru. Mawaƙin da ya ce "Kabi" a 1860 da wanda ya ce "Kebbi" a 1995 ba taswira ɗaya ce a kansu ba. Na biyun, in ya san abin da yake yi, ya haɗa da Dakarkari da Kambari da Gungawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulani.

Ina yawan ganin itatuwa a irin waɗannan waƙoƙi. Duk ƙarfi suke nufi?

A'a. Gamji babba ne mai faɗin ganye da yalwar inuwa, kuma tun da aka yi wa Sardauna Ahmadu Bello laƙabi da shi, da wuya ka ji gamji a waƙar siyasar Arewa ba shi ake nufi ba, musamman bayan kisansa ranar 15 ga Janairu 1966. Amma manomi ya san gamji yakan tsiro a jikin wani itace ya rungume shi har ya danne shi, kuma ɗan adawa na iya ɗauko wannan fuskar. Kuka tana tsayawa a kufai bayan gari ya tashi, saboda haka takan zo a matsayin shaida, wadda ta ga jiya.

Giginya ce ta fi rikita ɗalibai. An san ta da inuwar da na nesa ke sha, wato habaici ga shugaba ko attajirin da alherinsa ke tsallake na gindinsa ya faɗa wa bare. An san ta da azara, wadda gara ba ta cin ta da sauƙi, wato juriya. Sannan Giginya sunan filin da aka gwabza da Turawa ne a Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Idan ka ga giginya kusa da inuwa, habaici ne. Idan ka gan ta kusa da doki da igwa da Nasara, tarihi ne. Kuma ba banza ba Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, ranar da ta dace da waccan.

Tuta da tambarin ƙasa fa, ai ma'anarsu a rubuce take?

A rubuce take. Kore noma da albarkar ƙasa, fari zaman lafiya, kamar yadda Taiwo Akinkunmi ya zana tutar a 1959. A tambari, baƙar garkuwa ƙasar noma ce, farar alamar da ta rabu biyu ita ce haɗuwar Neja da Binuwai a Lakwaja, fararen dawaki biyu martaba, jar mikiya ƙarfi. Wannan ka san shi. Amma mawaƙi ba ma'aikacin gwamnati ba ne, yakan karɓi alamar hukuma ya juya ta, ya tambayi ina koren yake alhali gona ta gagari mai ita.

Abu biyu na gida. Kogin Neja, wanda muke kira Kwara, ta Jihar Kebbi yake shigowa Najeriya, ya bi ta ƙasar Yawuri ya gangara. Ɗan Yawuri da ya ambaci farin layin nan na tambari ruwan ƙofar gidansu yake faɗi, ruwan da ya ci garuruwa da gonaki lokacin da aka datse shi a Kainji a 1968. Na biyu, tuta a waƙar da ta fito daga gidajen jihadi tana iya zama wadda Shehu ya bai wa jagororin yaƙi, ba kore-fari-kore ba.

Wani malami ya ce in kula da alamomin jam'iyyu. Me ya kawo su cikin adabi?

Ya yi maka gata. A Jamhuriya ta Farko fartanya ta NPC ce, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. A ta Biyu gida da masara na NPN ne, mabuɗi na PRP. Mawaƙin 1959 da ya ce tauraro ya fito, ƙila ba sama yake kallo ba, sawaba, taken NEPU, yake kira. Tsintsiya tun fil azal hoton haɗin kai ce, maɗaurinta ɗaya, amma wanda ya sa ta a waƙa yau ya san rabin masu sauraro APC za su ji, kamar yadda lema ta zama PDP. Nemi shekarar waƙa kafin ka fassara fartanya da noma.

Na karanta waƙoƙin 'yanci na wasu harsuna. Zan iya fassara na Hausa da ma'aunin su?

Nan ne matasan marubuta suka fi tuntuɓe, kuma abin yana damuna ƙwarai. Wani yaro mai hazaƙa ya kawo mini waƙar zaman lafiya ya ce a sakar wa ƙasarmu kurciya. A Turai farar kurciya alamar salama ce. A nan kuwa idan aka ce an yi wa mutum kurciya, an yi masa sihirin da zai bar gida ya shiga duniya ba waiwaye. Ya so ya yi addu'a, kunnen tsohuwar da ke ƙauye ya ji baki. Mujiya a can hikima ce, a nan tsuntsuwar da ake tsangwama ce. Rana a waƙoƙin ƙasashen sanyi farin ciki ce, mu kuwa rana ake sha, inuwa ake nema, ko da yake muna cewa abu ya yi rana idan ya yi amfani, muna kuma cewa ranar wane ce idan sa'arsa ta zo. Baƙin hadari a wurinsu baƙin ciki ne, a wurin manomin gero bushara ne. Shi ma ruwan ba fuska ɗaya gare shi ba: manomin shinkafa a fadamun Argungu da Suru da Jega, wanda ambaliyar 2020 ta shafe masa gona, ya san ruwa rahama ne da kan zo da hasara.

Aro ba laifi ba ne, Hausa ta ari karin waƙa daga Larabci ta mai da shi nata. Amma a ɗanɗana kafin a zuba a tukunya.

Wanda ya bar ƙasarsa a cikin waƙa, ya rasa kishi ke nan?

Karin magana ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ya kuma ce giwa a garin wani zomo ce. Da wannan kaɗai za mu tsaya, da mun ce tafiya gazawa ce. Sai dai tarihin yankin nan cike yake da hijira. Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato a 1903 ya nufi gabas maimakon ya zauna ƙarƙashin Nasara, aka kashe shi a Burmi. Shi kansa Malam Abdullahi, ana tsakiyar jihadi, ya taɓa juya wa runduna baya ya nufi gabas saboda ganin yadda son duniya ya fara shiga zukatan mutane, sai da mutanen Kano suka tsai da shi. A irin waɗannan waƙoƙi, sanda da raƙumi da fuskantar gabas hoton wanda ya ƙi sayar da kansa ne. Tambayar da za ka yi ita ce: me ya bari, kuma don gudun me?

Tun da mun zo nan, maganar nan da marubuta ke yawan buɗe waƙa da ita cewa son ƙasa yana cikin imani, malaman hadisi da dama sun ce ba ta inganta daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Abin da ya zo a ruwaya shi ne ƙaunar da ya bayyana wa Makka lokacin da aka fitar da shi daga cikinta. Ka fassara abin da mawaƙi ya nufa, amma kada ka rubuta cewa hadisi ne.

Malam, duk misalan nan na maza ne, doki da garkuwa da rawani. Mu mata fa?

Kin yi gaskiya, kuma laifin manazarta ne, ba na mata ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙa da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda ake naɗa wa jaji, wato jagorarsu, malfa ta shiga ƙauyuka tana karantar da mata. Malfar nan hoton iko ce da ilimi a kan mace. Ki kuma saurari waƙoƙin daka da niƙa da na reno. Mutunci a can zane ne da ba ya kwancewa a gaban mutane, tukunya ce da ba a buɗe wa maƙwabta, murhu ne da ba ya mutuwa ko da babu abin ɗorawa. 'Yanci kuwa sau da yawa 'yar sana'a ce, kuɗin ƙuli ko na fura da ba sai an roƙi kowa ba. Kakarki ta san baitocin da babu su a littafi. Ki rubuta su tun tana raye.

Fassara biyu za su iya zama daidai a baiti ɗaya?

Ƙwarai, in dai kowace tana da madafa a cikin kalmomin baitin. Wadda ba ta da madafa ra'ayinka ne, ka ajiye shi gefe.

A takardar jarrabawa yaya zan tsara amsa?

Kawo ɗangon da hoton yake ciki daidai yadda yake. Faɗi nau'in salon. Bayyana abin a zahirinsa cikin jimla ɗaya ko biyu, sannan ka nuna abin da aka ɗora masa da yadda ya taimaki jigon waƙar. Mataki na uku ne ɗalibai ke tsallakewa, kuma rashin sa ne ke sa amsa ta zama fanko. Idan waƙar baka ce, duba gindinta, domin abin da 'yan amshi ke maimaitawa shi ne makaɗin ke so ya zauna a kunne.

Waƙoƙin matasa na yanzu ba su cika ambaton Turawa ba. Su ma na 'yanci ne?

Su ne ma suka fi taɓa ni. Kalmomin da muka ɗauka sun zama tarihi sun dawo da ransu. Fansa, wadda a aji muke bayanin ta a matsayin abin da bawa ke biya a zamanin da, yau kuɗi ne da ake sayar da gona da shanu a tara a kai daji. Garkuwa, wadda ke tsakiyar tambarin ƙasa tana nufin kariya, yau yaro ɗan shekara goma in ya ji ta satar mutane yake fahimta. Bayan sace 'yan matan makaranta a Jangebe da ɗalibai a Birnin Yawuri a 2021, babu mawaƙin Kebbi ko Zamfara da zai ce garkuwa ba tare da ya ji kaifin kalmar ta ɓangare biyu ba. Haka zinari. A tsohuwar waƙa daraja ce tsantsa. Tun da gubar dalma daga dakan duwatsun zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, zinarin Zamfara ya zama hoton arzikin da ke cin 'ya'yan gida. Jihar da takenta ke alfahari da noma, ga manomi yana biyan 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe. Wanda ya san murgu ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Shi ya sa hotunan 'yanci na yanzu suka ƙanƙance suka matso kusa da jiki. Ba tuta ba ce, ba alfijir ba ne. Hanya ce da za a bi bayan magariba, kasuwar ƙauye ce da ke ci har yamma, ƙofa ce da aka manta ba a sa mata sakata ba aka kuma wayi gari lafiya. Bara wata ɗaliba daga kudancin jihar nan ta kawo mini waƙa ƙwar biyu a kan mahaifinta. Ta zana shi kwance a bukkar gona lokacin kaka, ya tuɓe takalmansa ya yi matashi da su, rediyonsa na magana shi kaɗai, bai farka ba sai da sanyin asuba ya taɓa shi. A baiti na ƙarshe ta ce rabon da ya yi irin wannan barci tun tana aji uku na firamare. Aikin da na ba su shi ne waƙa mai jigon 'yanci. Na ba ta cikakken maki, kalmar 'yanci kuwa ba ta fito ko sau ɗaya a cikin baitocinta goma sha biyu ba.